Waken Alhaji Badaru da Barewar Hajiya

Mutanen da wannan labari ya shafa su huɗu ne. Akwai Alhaji Badaru, mai tura kayan 'yan kasuwa daga Dubai zuwa Kano, wanda ofishinsa ke Al Khabaisi. Akwai matarsa Hajiya Mahfuza. Akwai ƙanensa Muhyiddeen, wanda ke zaune a ƙauyensu na Gangaren Tsamiya, sai kuma maƙwabcin su Alhaji a Dubai, Clement, mutumin Filato, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ta biyar ɗin ba mutum ba ce, kuma za ta shigo idan lokacinta ya yi.

Mahaifin Alhaji Badaru maharbi ne da ya yi suna a zamaninsa. Shi kuwa Badaru tun yana ƙarami aka kai shi birni wajen kawunsa ya koyi ciniki, har ya tsufa bai taɓa harbin ko kurciya ba. Amma da furfura ta gama da gemunsa, sabunta biza kuma ta fara yi masa nauyi a zuciya, sai jinin gado ya motsa. Ya sayi fili a bayan Gangaren Tsamiya, daidai inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara, ya sa Muhyiddeen ya tsaya kan gini. Daga Dubai yake ba da umarni ta waya, har magina suka haddace muryarsa ba su san fuskarsa ba. Ya sa aka yi ɗakuna uku a ƙasa, aka ɗora wani ɗan ɗaki a sama mai faffaɗar taga tana kallon daji. Daga wannan taga, in ji shi, zai riƙa ɗana bindiga.

A ƙarƙashin tagar ya sa aka shuka wake da gyaɗa da yakuwa, ya kuma ce kada kowa ya girbe, na barewa ne, domin ta saba da zuwa. Mutanen ƙauye, waɗanda suka ƙare rayuwarsu suna korar dabba daga gona, suka yi ta zuwa kallon wadda aka noma domin dabba. Suka sa mata suna gonar sadaka.

Abin da ke damun Alhaji ba ginin ba ne, Hajiya Mahfuza ce. 'Yar Fagge ce haifaffiya, ta saba da fulat ɗinsu na International City, ta saba da hawa ƙaramin jirgin fiton da ake kira abra ta haye ruwa zuwa Bur Dubai ta zaɓo yadi da mayafai ta tura wa masu saye a Kano. Ta faɗa masa cikin ladabi, ba sau ɗaya ba, cewa idan ya tashi komawa, ya sauke ta a Fagge wajen yayarta, ya wuce dajinsa, ya riƙa leƙo ta ranar Juma'a. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Alhaji kan yi dariya idan ta faɗi haka, amma idan ya zauna shi kaɗai a ofis ya tuna ɗakuna uku babu mai ce masa ya sha maganinsa, sai shayin da ke gabansa ya huce bai sani ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Clement ya shigo gyara musu na'ura, aka tsare shi cin shinkafa. Alhaji ya ɗauko zancen da ya saba, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ɗan maharbi maharbi ne. Hajiya ta amsa cewa barewar karin magana ce kaɗai ta rage a ƙasarsu, sauran an cinye su tun zamanin surukinta, Allah ya ji ƙansa. Gardama ta yi tsawo, har ta ajiye cokali ta ce, “To Alhaji, mu yi ta ta ƙare. Ranar da na ga barewa da idona a gonar nan taka, na yarda, zan haɗa kayana in bi ka.”

Clement ya ɗaga hannu da maiƙo ya ce, “Khalas, shi ke nan, Hajiya. Ni ne shaida, kuma shaidar da ya ci shinkafa ba ya mantuwa.”

Washegari Alhaji ya shiga babbar kasuwar 'yan Sin da ke kusa da su, ya sayo kyamara irin wadda ake ɗaurawa a jikin bishiya, mai aiki da hasken rana, ya cusa ta cikin kayan da jirgi zai tashi da su zuwa Kano. Muhyiddeen ya ɗaure ta a jikin wani marke, ya sa mata layin waya. Alhaji ya haɗa ta da wayarsa, ya kuma haɗa da ta Hajiya, don kada a ce ba a gani ba. Ta yi ƙorafi cewa zai cika mata waya da ciyawa, amma ba ta goge ba.

Da yake Dubai na gaba da gida a lokaci, asubahin Gangaren Tsamiya hantsi ne a Al Khabaisi. Saboda haka Alhaji ya koma farauta a kan kujerar ofis, tsakanin katan-katan da ƙarar salatif, da tabarau a kan hanci. Ba a daɗe ba sai ga wata jar dabba ta shigo cikin waken. Ya adana hoton, ya ƙi nuna wa kowa har yamma, ya je ya buga ƙofar Clement yana haki. Clement ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce lalle barewa ce mai tarbiyya, tunda har da igiya a wuyanta da ragowar turke tana ja.

Bayan akuya aka samu jaki. Bayan jaki birai suka zo suka tone gyaɗar sarai, ɗayansu ma ya hau marken ya leƙa kyamarar, fuskarsa ta cika wayar Alhaji. Labari ya bazu cikin 'yan kasuwa. Duk wanda ya kawo kaya awo sai ya fara da gaisuwa: ranka ya daɗe Sarkin Baka, ya daji, an samu na miya? Alhaji ya riƙa amsawa da shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu, mai haƙuri yakan dafa dutse. Ya sa aka yi shingen ƙaya ta ɓangaren gari, aka bar ɓangaren daji a buɗe. Clement, bayan ya gaji da dariya, ya ba da shawarar a ajiye dunƙulen kanwa da kwamin ruwa a gefen gonar, aka yi hakan.

A cikin wannan hali Alhaji ya lura da wani abu. Hajiya ta fara sanin abin da bai gaya mata ba. Wata rana tana zuba masa abinci ta ce waken nan ya fara fure. Wata rana kuma ta ce a gaya wa Muhyiddeen kwamin ya bushe. Da ya dube ta, sai ta ce ba wani abu ba ne, tana dai lura da yadda awaki ke cin arzikin mijinta. Ya ci gaba da cin abincinsa, domin ya san idan ya yi murmushi ta daina.

Damina ta wuce, ciyawar daji ta bushe, gonar sadaka kaɗai ta rage kore saboda ban-ruwan da Muhyiddeen ke yi daga rijiya. Ran nan da hantsi, Alhaji na tsaye ana ɗaure kayan wani Bakano, wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce, wadda ba ta kiransa a lokacin aiki. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta daga Najeriya, ta ce, “Alhaji, bar abin da kake yi ka duba gonarka.”

Ya duba. Ga barewa tsaye a bakin kwamin, siririya, ja, cikinta fari, ƙafafu kamar karan dawa, babu igiya babu turke. Ta lashi kanwar, ta ɗaga kai ta karkaɗa kunne, ta tsinki ganyen wake ɗaya bayan ɗaya kamar baƙuwa mai kunya. Alhaji ya nemi kujera ya zauna. Ta dawo washegari, ta kuma dawowa bayan nan, har ta mai da wurin nata.

Alhaji ya yanki tikitin gida, ya aika wa Muhyiddeen ya ciro bindigar mahaifinsu daga rumbu ya goge ta da mai. Ranar Juma'a ya kirawo shaida, aka zauna kan shinkafa, ya tuna wa Hajiya maganarta. Ba ta yi musu ba. Ta ce alkawari kaya ne, za ta sauke, ta riga ma ta fara ware tukwanen da za ta tafi da su. Sai dai ta ji ana zancen bindiga.

Ya ce ai don haka aka yi gonar, don haka aka yi tagar.

Ta ɗan jima tana juya cokali, sannan ta ce, “Alhaji, zan bi ka, ko ka harbe ta ko ka bar ta. Amma a duk garin nan naka ita kaɗai na sani. Kullum da ita nake karyawa. In ka harbe ta, ka kai ni inda ban san kowa ba.”

Clement ya so ya sassauta zancen, ya ce Hajiya ta kwantar da hankalinta, idan Alhaji ne zai yi harbin, babu inda ya fi aminci a dajin nan kamar inda ya auna. Alhaji bai yi dariya ba. Yana tunanin mace zaune a ɗakuna uku don cika alkawari kawai, idonta a kan hanyar Fagge, ya ga wannan da zama shi kaɗai duk ɗaya ne.

Ana cikin haka Muhyiddeen ya kira. Ya ce bindiga ta gogu tana ƙyalli, amma Yaya ya hanzarta, domin maharban gari sun ga sawu, sun fara shawagi a bayan shinge. Alhaji ya gyara murya yadda kowa zai ji, ya ce a rataye bindigar a bangon zaure, a kuma je wajen maharban da goro a gaya musu dabbar nan ta ci abincinsa ta sha ruwansa, ta zama baƙuwarsa, kuma maharbin kirki ba ya harbin baƙonsa. Ya ƙara da cewa haka mahaifinsu ke faɗi.

Muhyiddeen ya ce, “Yaya, ni da na zauna da Baba har ya rasu, ban taɓa jin ya faɗi haka ba.”

Alhaji ya ce, “Kana ƙarami lokacin.” Ya kashe wayar.

Da safe Hajiya ta hau abra zuwa Bur Dubai, ta dawo da yadin labule mai shara-shara, irin wanda na ciki ke ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Ta tambayi faɗin tagar sama, ta sanar da Alhaji cewa ɗakin ya zama nata, amma tana iya ba shi aron kujera idan ya zo da shayinsa. Ta kuma ce a ƙara kunya biyu na yakuwa, ɗaya ta miya, ɗaya ta baƙuwa. 'Yan kasuwar Al Khabaisi ba su daina kiransa Sarkin Baka ba har ranar da suka raka shi filin jirgi, shi kuma bai daina amsawa ba.

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya ga tuntuɓen alƙalami ko kalmar da ta zauna ba a mazauninta ba, ya gyara don Allah, ya yi mini uzuri, domin mai sani yana sama da mai sani.