Ƙugiya a Bangon Kafinta

Ranar Talata malamar ajin 'yarta ta kira ta daga wurin aiki. Ta bar kantin magani a hannun abokiyar aikinta, ta tafi makarantar da farar rigarta a jiki.

"Ba rashin ji ba ne," in ji malamar. "'Yarki ba ta sauke jaka daga bayanta. A aji tana goye da ita, a filin wasa ma haka. Yau na lallaɓa ta muka buɗe."

Ta juye jakar a kan tebur. Ban da littattafai, akwai safa ƙafa biyu, buroshin haƙori, ƙaramar tocila, biskit, da kwafin takardar haihuwa an naɗe shi a leda.

"Na tambaye ta na mene ne. Ta ce wai ko da za a ce ku tashi. Wa zai ce ku tashi?"

"Babu kowa," in ji uwar.

Gaskiya ta faɗa. Amma ta san wannan jerin kayan kamar tafin hannunta, har da ledar.

Ita uwar, shekararta biyar lokacin da aka ba unguwarsu awa ɗaya su fita daga ƙasar da aka haife ta. Babanta ya saɓa ta a kafaɗa, akwati ɗaya a hannu. Yanzu shekararsu talatin da ɗaya a nan. Takardunsu sun cika, gidan nasu ne. Duk da haka akwatin yana bayan ƙofar falo, kuma kowace Asabar da safe tsohon yakan buɗe shi, ya canza batirin tocila, ya duba takardu, ya rufe. Kafinta ne. Ya kafa kantoci da labule a rabin gidajen layin, amma a nasa bangon ko ƙusa ɗaya babu. Madubi a ƙasa yake, jingine. Agogo yana kan kwali.

Ta daɗe tana yi masa dariya a kan wannan. A mota, da ta sa hannu a jakarta neman makulli, sai ta taɓo fasfo ɗinta. Ko burodi za ta saya da shi take fita. Ba ta taɓa koya wa yarinyar wannan ba, yarinyar kallo kawai ta yi.

Asabar da safe ta bar shi ya buɗe akwatinsa. Yarinyar tana tsugune kusa da shi da jaka a baya, tana miƙa masa batir. Uwar ta wuce ta ɗauko guduma daga cikin kayan aikinsa, ta fito da ƙugiyar ƙarfe da ta saya, ta tsaya a bangon da ke kusa da ƙofa.

"Uwata, ina za ki da gudumata?"

"Ƙugiya zan kafa, Baba. Ta rataye jaka."

"Ba a huda bangon mutane."

"Waɗanne mutane? Sunanka ne a takardar gidan nan."

"Wancan gidan da muka baro ma sunana ne a kai."

Ta ce wa yarinyar ta je ta ɗebo wa kakanta ruwa, sannan ta faɗa masa abin da aka gani a jakar, ɗaya bayan ɗaya.

Ya jima yana kallon batirin hannunsa. "Yarinya mai hankali," ya ce.

"Shekararta bakwai, Baba. Malama ta ce ba ta taɓa hawa lilo ba, don sai an ajiye jaka ake hawa. Kai ka ga abin da ya kore ka. Ni na ji labari a kafaɗarka. Ita ko labarin ba ta sani ba, nauyin kawai take ɗauka."

Ta ɗora ƙusa a bango ta buga. Ƙusar ta lanƙwashe, fenti ya ɓantare kamar faɗin tsabar kuɗi. Ta ɗauki ta biyu. Ita ma ta lanƙwashe, gudumar ta goga mata babban yatsa. Ta tsotse yatsan ta ɗauki ta uku.

"Kai, kai, kai!" Tsohon ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. "Wa ya ce miki ana buga wa siminti ƙusar katako? Duk karatun nan naki? Ba ni nan kafin ki rushe mana gida."

Ta miƙa masa gudumar. Ya ajiye ta gefe ko kallo bai mata ba, ya shiga ɗaki ya fito da injin huda bango, da sukuru biyu, da 'yan robobinsu, da fensir a bayan kunne. Ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa yana saurare, don kada ya faɗa kan wayar lantarki.

"Amarya, ajiye kofin, zo ki tsaya nan in auna ki."

Yarinyar ta jingina da bango, jakar ta tokare ta.

"Da wannan ƙoƙon bayan zan auna ki? Kunkuru na aura ne?"

"Kai ne kunkuru, tsoho mai tafiyar hawainiya!"

"To sauke gidan naki in gani."

Ta kalli uwarta, sannan ta zame igiya ɗaya, ta zame ɗayar, ta riƙe jakar a hannu. Ya sa alama daidai kafaɗarta. Injin ya yi ƙara, farar ƙura ta zubo a kan murfin akwatin da ke buɗe. Ya tura robobin, ya ɗaure sukurun, ya kama ƙugiyar ya jijjiga da ƙarfinsa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Kaka," in ji yarinyar, "in aka ce mu tashi, ta yaya za mu cire ta?"

Uwar ta kalli tsohon. Tambayar ba tata ba ce.

Tsohon ya goge hannu a wandonsa. "Ba ta ciruwa. Ni na kafa ta."

"To in aka ce mu tashi fa?"

"Sai mai cewar ya zo ya same ni. Ke aikinki lilo. Rataya mu gani."

Ta rataya. Ta ɗan tsaya da hannunta a kan jakar, sannan ta saki.

Bai kwashe kayan akwatin ba. Ya hure ƙurar, ya rufe, ya mayar da shi bayan ƙofa. Amma da zai mayar da injin sai ya tsaya a gaban madubin nan na ƙasa, ya ce tunda an riga an ɓata falo da ƙura, a kawo masa wasu sukurun. Uwar kuma ta shiga ɗakinta ta jefa fasfo a aljihun tebur.

Bayan mako biyu, ranar Litinin, sun kai ƙofar makaranta ke nan yarinyar ta dafe kai.

"Mama, na manta jakata a gida!"

"Don Allah dubi sakarci. Da me za ki yi rubutun, da yatsa?"

Ta juya motar. Ranar ta makara a wurin aiki da rabin awa.