Wata Majiya Ta Kusa da Iyalinsa

…kuma wai "wata majiya ta kusa da iyalinsa". Majiya! 'Yar gidan wa ce? A gaban wa ta durƙusa ta ɗauki karatu?

Malam Abdulmumin yana zaune a falonsa na Bowie, a Amurka, takardu uku a kan gwiwa, waɗanda 'yarsa Nafisa ta ciro masa daga intanet kafin ta wuce aiki. Rahoton masu tantance 'yan wasa ne a kan ɗansa na fari, Abdul'aziz, wanda ya shekara uku yana kwatabak a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'a — shi ke jefa ƙwallo, shi ke faɗa wa mutum goma inda kowa zai tsaya. Saura kwana tara manyan ƙungiyoyi su zauna su zaɓi waɗanda za su ɗauka. Kwana tara… ga kuma abin da aka rubuta.

Sun auna tafin hannunsa, inci tara da kwata, wai da ƙyar ya isa. Sun auna tsayinsa, sun sa shi gudu suna riƙe da agogo. Ɗan Adam, da Ubangiji Ya karrama! Saura kaɗan su buɗe bakinsa su duba haƙora, kamar yadda dillalan Maraɗi ke yi wa rago ana jibi Salla… To, wannan ya haƙura. Abin da aka auna, ma'auni ne shaidarsa. Amma zuciya? Da wane tsinke suka auna zuciya? "Ba shi da jinin shugabanci. Ba ya kallon mutum ido cikin ido. Ya fi kyau a raba shi da jifa, a mai da shi mai tarar ƙwallo."

Ba ya kallon mutum cikin ido — subhanallahi! Yana shekara shida, a bakin masallaci, ya tsura wa Alhaji Ɗanliti ido yana ba shi amsa, kunnen nan na hagu ya sha murɗa har cikin mota. Shekara nawa ana dasa ladabin nan a ƙasar da ba ta da taki? Yau ga wani ya zo da alƙalami ya rubuta shi a jerin aibobi.

Magabata da suka tantance masu ruwayar hadisi ba haka suka yi ba. Sukar mutum ba ta karɓuwa sai an fayyace dalilinta. Wanda ba a san ko wane ne ba, majhuli, maganarsa ba ta ɗaga kowa, ba ta kayar da kowa. Wane ya ji daga wane, wane kuma ya ji daga wane, har a isa ga bakin da ya furta. Shekara ashirin da shida yana jan tasi tsakanin ofisoshin jakadanci, ranar Asabar yana karantar da wannan ƙa'ida — su kuwa, da digirorinsu da na'urorinsu, wata majiya! In ta isa ta fito. In tana da gaskiya ta faɗi sunan ubanta. Munafuki ne, ko shakka babu. Wani mai hassada da ya ci tuwon gidan nan ya…

Shafi na uku. Yana gyara tabarau. "Majiyar ta ce: yaro ne, bai san komai ba tukuna, rufin asiri ne kawai na Allah. Tsawon hirar ba ta ambaci sunansa ba ko sau ɗaya."

Rufin asiri ne kawai na…

Watan Fabrairu. Bature ƙato daga cikin masu tantancewar nan, mai shuɗiyar riga, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce ya cire ba. Nan ya zauna, kan kujerar nan, kofin shayi ya ɓace a cikin hannunsa. "Malam, faɗa mini, wane irin mutum ne ɗanka?" Da me ake amsa wannan? Ɗan fari! A gaban baƙo! Da abin da mahaifinsa ya amsa wa malaman Damagaram ranar da shi kansa ya sauke Alƙur'ani, mana. Daga kicin matarsa Hajiya Hawa tana ta tarin da ba na mura ba. Bayan baƙon ya fita ta tsaya riƙe da ludayi.

"Malam, wannan fa ba baƙon Maraɗi ba ne. Ka ce masa randa ba ruwa, rubutawa zai yi ba ruwa, ba zai leƙa ba."

"Hajiya, ke ma kin zama Ba'amurkiya? In zauna ina yi wa ɗan cikina kirari kamar maroƙi?"

"Allah Ya ba ka haƙuri."

Ai kowa ya sani! Wane mai hankali ne bai san cewa in uba ya ce "bai san komai ba", to yabon ne ya fi ƙarfin bakinsa? Jahilcinsu ne. Sun zo gidan mutane ba su tambayi al'adar gidan ba. Laifinsu ne, laifinsu — amma mutumin bai ƙara ko wasali ba. Ya ji da kunnensa, ya riƙe, ya isar kamar yadda ya ji. Isnadi gajere, babu yankewa, daga baki zuwa takarda. In da ɗalibi ne ya kawo masa irin wannan ruwaya ranar Asabar, me zai ce? Ingantacciya ce, zai ce. Ingantacciya…

Alhali ya gani. Nuwamba, sanyi na huda ƙashi, ana gabansu da maki, saura minti ɗaya, filin kamar zai tsage don ihu. Yaron ya tara ƙartin nan goma, kowanne ya ninka shi faɗi, ya yi musu magana kaɗan, kawunansu duk suka sunkuya. Jifa huɗu, suka ci wasan. Shi kuwa ya sulale bayan matakala ya share fuska da gefen rawani, kada Hajiya ta gani. Da suka haɗu a waje, me ya ce masa? "Ka yi la'asar kuwa?"

Jiya yaron ya bugo. Ya karanta, tabbas ya karanta, kuma ya san kalmomin, wa ya fi shi sanin su? "Baba, ina yini? Ya ƙafar?" Shi ke nan. Ko da wasa bai…

Waya tana ƙara. Nafisa ta ce wani mutumin wata ƙungiya zai kira da ƙarfe huɗu, tambayar ita ce dai. Hajiya ta leƙo daga kicin, ba ta kuma koma ba. Ɓoye shaida zunubi ne, wannan ya karantar da shi sau ɗari. Sai kawai ya ce: ɗana shugaba ne, na gani da idona. Ɗana, Abd… shekara ashirin da biyu harshen nan bai taɓa… Abdul…

Ƙara ta huɗu. Hannunsa yana kan wayar, nauyinta kamar dutsen niƙa.