Kangon da Kawu Laouali Ya Gyara

Sawun takalmi fari fat na gani a matakalar gidanmu a unguwar Jaradiya, nan ƙasar Larabawa, tun daga ƙasa har bakin ƙofa. Na san Kawu Laouali ya zo, don shi kaɗai ke yawo da garin jibs, farar ƙasar nan ta gini, a ƙafa.

Kawu ƙanen Innata Delou ne, magini, mutumin Maraɗi. Ta bakin Inna na roƙe shi ya yi mini ɗan samfurin gini, na kuma aika masa hotuna. Aikin kammala karatuna ne a sashen tarihi, a kan wani tsohon gidan ruhubanawa, Kiristocin nan masu ƙaurace wa duniya, da kangonsa ke can cikin hamada. Duktura, malamar da ke duba aikina, ta ce in kawo samfurin kangon ranar Lahadi, yadda yake a yau, in ba haka ba sai baɗi. Ga shi yau Asabar.

"Hajar, zo ki ga aiki!" in ji Kawu, ya yaye zanen da ya rufa a kan tebur.

Gini ne cikakke. Bango ya miƙe, rufi ya hau, ga ƙofofi, ga tagogi, har da indararo.

"Hotunan nan naki abin tausayi," ya ce. "Bango a tsage, ba rufi. Na ce 'yata ba za ta kai ɓaraguzai gaban Larabawa ba. Juma'ata duka a kansa ta ƙare."

Na nuna wani lungu da ya ɓullo a bayan babban ɗakin. "Kawu, wannan fa?"

"Mihirabi mana. Ba wurin ibada kika ce ba? A ina liman zai tsaya?"

Na ce ya yi kyau ƙwarai, na sunkuyar da kai. Inna ta leƙo daga kicin da muciya a hannu, ta dubi ginin, ta dube ni.

"Laouali, kango aka ce maka. Kuma Kiristoci ne, me za su yi da liman?"

"Yaya, ni gini na koya, ban koyi rushewa ba."

"Ni na koya. Ke, faɗa mana yadda aka yi, ni kuma in bi da muciya. Yalla, maza."

Na fara a hankali. Na ce mutane kaɗan ne suka fara sauka kusa da wata rijiya, kowa ya gina ɗan ɗakin da zai kaɗaita. Da suka yi yawa suka gina ɗakin ibada, suka haƙa matarar ruwan sama, suka dasa dabino. Fatake kan yada zango wurinsu, a ba su ruwa da gurasa.

"Mutanen kirki," in ji Kawu, yana kurɓar shayi. "To, a bar su haka."

Na ce daga baya hanyar fatake ta kauce, rijiyar ta ja baya. Matasa suka tafi, tsofaffi suka mutu. Rufin ne ya fara faɗuwa.

Inna ta ɗora muciya. Ƙwas! Rufin bai ko motsa ba.

"Aikin Laouali ke nan," Kawu ya ce, yana murmushi.

A karo na biyu ya rufta ciki. Murmushin ya tafi.

Na ce makiyaya sun kwashe duwatsun bangon kudu sun yi garke. Inna ta ɓalle bangon kudu. Na ce rairayi ya cinye ƙofofin. Ta fizge su. Ni ma na matso da hotunan ina gwadawa, ina cewa nan a rage, can a bari. Ban taɓa jin bakina ya saki haka ba. Kango ya fara fitowa sak, tebur ya yi fari da gari.

Saura mihirabi. Inna ta ɗaga muciya, Kawu ya riƙe ta. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta aiki, ya yanke lungun a tsanake, ya shafe gurbin da babban yatsa. Sannan ya naɗe mihirabin a hankici ya sa a aljihu.

"Khalas, ya isa, ki zauna ki duba ko akwai saura," in ji Inna. "Laouali, ga tuwo nan ya kusa."

Ni da Inna muna sunkuye muna jera ɓaraguzai a gindin bango, Kawu ya sa takalmansa, ya ja ƙofar a hankali, ya sauka bai jira tuwon ba.