Ma'aunin Yaya

A garejinmu kowane aiki rabawa muke yi, ban da gyaran bakin fulogi. Wannan na Yaya ne shi kaɗai. Ni ƙanensa ne, gemuna har ya fara furfura, amma har yau Auta yake ce min, kuma da ya ga hannuna ya doshi ma'auninsa sai ya yi gyaran murya.

Ma'aunin ba wani abin a zo a gani ba ne. Siraran ƙarafa ne a haɗe kamar wuƙar aljihu, kowanne da kaurinsa. A bakin fulogi akwai ɗan harshen ƙarfe da ya lanƙwaso, kuma a 'yar tazarar da ke ƙarƙashinsa wuta take tartsatsi. Idan tazarar ta yi faɗi, mota ta dinga tari a hawa. Idan ta matse, ta sha mai a banza. Kowane inji da tasa tazarar. Za ka zura ƙarfen da ya dace, ka ji ya shiga yana ɗan riƙewa, ba sakwaf ba, ba kuma da ƙyar ba. Ido ba ya ganin wannan riƙewar, yatsa ne yake jin ta.

To, yatsun ne suka fara juya wa Yaya baya. Ciwon sukari ya daɗe yana cin sa. Wata rana matarsa ta tare ni a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Jiya ya ɗauke murfin tukunya daga kan wuta, ko gezau bai yi ba. Sai da na ga fatar ta tashi. Don Allah kada ka nuna masa na gaya maka."

Dama motocin da ya gyara sun fara dawowa, masu su suna ƙorafi. Na rasa bakin da zan yi masa magana, mutumin da ya fara ɗora min sifana a hannu. Sai na sayi nawa ma'aunin, na ɓoye shi a ƙasan akwatin tsummoki. Kullum idan ya tafi gida cin abincin rana, sai in kwance abin da ya ɗaura, in gyara, in mayar. Motoci suka daina dawowa, Yaya ya koma yin fito yana aiki. Ni kuwa duk fiton nan a ƙirjina nake jin sa.

Ana nan sai ungozomar unguwa ta kawo tsohuwar motarta, ta ce tana mutu mata a hanya. Yaya ya zare fuloginta guda huɗu, ya kankare baƙin da burushin waya, ya zauna a benci yana aunawa yana ɗan ƙwanƙwasa su a jikin ƙarfe. Da kansa ya ɗaura su, ya goge hannu ya tafi.

Na kwance su. Uku da dama-dama. Ɗayan kuwa, na uku a jeri, bakinsa a wangale, har ƙarfen da ya ninka nasa kauri sai da ya wuce. Na ce a raina ciwon ya ƙara gaba. Na gyara su duka, na mayar.

Da ya dawo ya ce, "Auta, tayar da ita mu ji."

Na murza makulli. Injin ya tashi sumul, ko girgiza babu. Yaya ya tsaya a gaban bonet, ya karkatar da kai, idonsa a rufe. Ya daɗe a haka kafin ya ɗaga min hannu in kashe.

"Na ukun nan da gangan na buɗe shi," ya ce. "Kamata ya yi motar nan ta yi ta rawa kamar mai zazzaɓi."

Na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima, Yaya."

Na zaci faɗa zai yi, da ma ya yi ɗin da ya fi min sauƙi. Amma tafin hannunsa kawai ya buɗe yana kallo, yana murza babban yatsa a kan sauran.

"Da motoci suka daina dawowa, na ɗauka sauƙi nake samu," ya ce a hankali. "Har na gaya wa yara maganin yana aiki."

Ban taɓa jin tausayin mutum da kunyarsa a lokaci guda irin na ranar ba. Ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro ma'aunin da mai ya riga ya baƙanta, ya ajiye a kan batir, ta wajena.

"Sake tayar da ita."

Na tayar. Ya sake karkatar da kai.

"Na biyun ka matse shi da yawa. Kai kullum sauri, kamar ana bin ka."

Da injin ya huce na zare shi, na auna da ma'aunin nasa. Gaskiyarsa ce, ƙarfen da ƙyar ya shiga. Na miƙa masa fulogin kamar yadda na saba, sai ya mayar da hannuwansa baya.

"Kai za ka gyara," ya ce. "Ni daga nan zan dinga ji."