Gidan Zanzaro a Fiffiken Fanka

Tun da taransifomar Gubuchi ta ƙone, fankar ɗakin Wasila take rataye kamar kayan ado. A wannan zaman banza ne zanzaro ya zo ya yi gininsa na laka a kan fiffike guda. Surukarta Inna Mairo ta gani ta yi murna, don a wajenta zanzaro ba ya gini sai a ɗakin mai rabon haihuwa, kuma ba a fasa masa. Ai kuwa Wasila na da ciki, bayan ɓari biyu da suka bar ta tana tsoron ko da tsallake kwata.

To, sai wuta ta dawo a tsakiyar bazara, lokacin da kwano ke gasa mutum kamar masara. Mijinta Jumare ya kunna fankar. Nauyin lakar ya rinjayi gefe guda, ta shiga rawa tana ƙara, silin na girgiza. Da sauri ya kashe. Ya ɗauko tsintsiya zai kankare, Inna ta tare ƙofa.

"Ka taɓa ginin nan, ni da kai ne."

Wasila ta rasa inda za ta sa kanta. Ƙafafu sun kumbura, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya. Ta kwanta a tabarma, ta tashi, ta koma gindin mangwaro, ƙuda su koro ta. A asibiti an ce ta riƙa samun barci, to ina barcin? Rannan da azahar ta hau kujera da muciya a hannu. Ta daɗe tana kallon 'yan ramukan ginin, sai ɗan cikinta ya motsa. Ta sauko, ta zauna tana kuka.

Haka Jumare ya same ta. Ya ce mata camfi ne kawai.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Amma in na fasa wani abu ya faru, da wane ido zan dubi Inna?"

Ya hau babur sai Makarfi. Mai gyara ya ce fiffike ba a canza guda, sai duka ukun, in ba haka ba rawar ba za ta daina ba. Ya sayi sababbi, ya taho da su ɗaure a bayan babur. Ya kwance tsofaffin a hankali, Inna na tsaye tana ta a bi sannu, a bi sannu. Fiffiken da ke da ginin ta karɓa da hannu biyu, ta sa aka ɗora shi kan kabad, laka na kallon sama.

Aka kunna. Iska ta sauko shiru, labule ya motsa. Inna ta buɗe baki za ta yi gargaɗin sanyi, ta waiga, ta ga Wasila har ta yi barci da ɗankwali a hannu. Sai ta rage lambar fankar, ta ja ƙofa.