Butar da ke Magana da Muryar Yaya

Ranar da Auta ya faɗa wa Kawu abin da yake tsoro, suna tsaye ne a bayan gidan abincin Yaya, kumfa har gwiwar hannu. Ya ce shi faɗuwar ƙwallo ba ta damunsa, idon jama'a ma ya saba da shi. Abin da ke ba shi tsoro shi ne ɗan shirun nan da ke shigowa idan ya gama wasa ɗaya ya sunkuya zai ɗauko kayan na biyu.

"A nan nake jin motsin kujeru, Kawu. A nan kowa yake tuna yana da waya a aljihu."

Kawu, wanda ƙanin mahaifiyarsu ne kuma shi ke dafa abinci a gidan, ya ce, "To ka daina sunkuyawa mana."

Auta bai yi dariya ba. Abu uku ya iya, kuma kowanne ya sha wahala kafin ya iya shi: jefa ƙwallaye sama yana cafewa, rufa-ido, da yin magana bakinsa a rufe har a rantse muryar daga wani wuri take fitowa. Amma da ya je gwaji a babban ɗakin wasanni da ke kusa da tasha, Manajar wurin ta kalle shi ta saman gilashinta ta ce, "Hannunka yana da kyau, muryarka ma haka. Sai dai kayan koli ka baza mini. Ni wasa ɗaya nake nema, mai kai da ƙafa." Gurbi ɗaya ya rage mata a shirin mako-mako. Ta ce ya dawo ranar Asabar da rana ta gwada shi a gaban 'yan kallo, daga nan kuma babu wani zuwa.

Yaya, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ta riga ta karɓi alkawari daga bakinsa: idan aka sake korarsa, zai tattara ƙwallayen ya ba yaran unguwa, ya zauna a kantar gidan abincin har tsufa.

Ya gwada duk dabarar da ta zo masa. Ya sauya jerin wasannin, ya sa kiɗa a tsakani, ya rubuta 'yan barkwanci ya haddace. Duk da haka idan ya tsaya gaban madubi mutum uku yake gani, kowa na jiran ɗan'uwansa ya sauka.

Ana cikin haka wata safiya aka cika da masu shan shayi. Tire ya cika, teburin wanke-wanke ya cika, Kawu kuma ya miƙo masa wasu kofuna uku masu zafi. Babu inda zai ajiye, sai hannunsa ya yi abin da ya saba: ya wulla ɗaya sama, ya bi shi da na biyu. Don haushi kuma ya karkata kai wajen tsohuwar butar shayi da ke kan murhu, ya matse leɓe, butar ta ce da muryar Yaya sak, "Auta, kofin nan ya girme ka. Ka fasa shi ka gani."

Kawu ya saki ludayi. Kafin ya gama dariya sai ga takun takalmin Yaya ta nufo ƙofa. Kunnen kofi ɗaya ya riga ya ɓalle a hannun Auta. Ya shafa shi sau ɗaya, kofin ya shige hannun riga, ya nuna mata tafukansa wayam.

"Me ake wa dariya?" in ji Yaya.

"Albasa ce ta shiga mini ido," in ji Kawu, yana share hawaye.

Da ta fita, Auta ya tsaya cak, kofin na ƙona masa damtse bai ko ji ba. Ya yi jifa, ya yi murya, ya yi rufa-ido, kuma bai sunkuya ko sau ɗaya ba. Ya jefa kofuna ne don babu wurin ajiyewa. Buta ta yi magana don ya yi laifi, kofin kuma ya ɓace don mai gidan abincin na zuwa. Kowane abu shi ya haifi na gaba.

"Kawu, ara mini butar nan."

"Ba tawa ba ce. Kuma idan mai ita ta ji muryarta a ciki, ni ban san ka ba."

Ya yi ta bita a ɗakinsa bayan an tashi aiki, ya shimfiɗa katifa a ƙasa saboda kofunan. Ya ajiye ƙwallaye da rigarsa ta wasa mai ƙyalƙyali. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne yanke wani wasan zobe da yake alfahari da shi, domin ya juya shi ta kowace fuska ya ga mai wanke-wanke ba shi da dalilin riƙe zobe.

Ranar Asabar ya leƙa ta gefen labule. Kawu na zaune a layi na biyu, Yaya na gefensa, jaka a cinya, fuska a ɗaure. Ta rufe shago ta zo ganin yadda za a kore shi.

Ya fito da rigar aikinsa, tsumma a kafaɗa, ya ɗora butar a kan tebur. Bai gaida kowa ba. Ya fara wanke kofuna, suka yi masa yawa, suka tashi sama, uku, huɗu, har da cokali a tsakani.

"Auta," in ji butar, "wanke-wanke na sa ka ko rawa?"

Ɗakin ya ɗauka da dariya. Ya ɓoye cokali a kunne, butar ta tambayi inda cokalin yake, ya zaro shi daga bakin butar, ta ce ai dama ta san ɓarawon gida ne. Babu wanda ya taɓa waya. Auta na jin wasan na tafiya da kansa, kamar keke a gangara.

Sai gumi ya ci amanarsa. Kofi ɗaya ya zame, ya daki dandamali, ya tarwatse.

Shirun da yake tsoro ya sauko. Ya ji shi har cikin haƙoransa. Amma sauran kofunan na sama, hannunsa bai tsaya ba, kuma ya san sarai abin da ake faɗa a gidansu idan kofi ya fashe. Ya matse leɓe.

"Madalla," in ji butar a hankali. "Saura ka fasa ni, mu huta gaba ɗaya."

Daga layi na biyu wata murya, irin ta butar ba bambanci, ta ce, "Ni ba haka nake cewa ba. Cewa nake, saura ka fasa ginin."

Jama'a suka waiwaya suka ga mai maganar, suka sake kallon butar, sai ɗakin ya rikice. Wani dattijo ya riƙa dukan kujerar gabansa. Auta ya bar dariyar ta kai ƙarshenta, sannan butar ta ce, "Kun ji ko? Ga uwar ɗakina nan, a wurinta na yi karatu." Ya cafe kofunan ɗaya bayan ɗaya, ya rufa tsumma a kan fasassun, ya yaye, babu ko ɓarɓashi. Ya ɗaga murfin butar ya zaro kofi lafiyayye, ya sauka daga dandamali ya miƙa wa Yaya da hannu biyu.

An daɗe ana tafi.

A bayan labule Manaja ta cire gilashinta ta ce, "Wannan shi ne wasa. Gurbin naka ne. Fashewar kofin nan, shiri ne?"

"Daga yau shiri ne, ranki ya daɗe."

Yaya ta shigo, Kawu na ɓuya a bayanta. Ta juya kofin a hannunta ta duba gindinsa.

"Wannan ma nawa ne. Kuma muryata ba ta kai haka tsini ba."

"Ta kai," in ji Kawu daga baya.

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, bakinta ya ƙi. Ta gyara masa wuyan riga kamar yadda take yi tun yana ƙarami, ta ce, "To, gobe da safe wa zai wanke mini kofuna? Kuma a mayar mini da butata."

Auta ya rungume butar a ƙirji. Wannan karon ya buɗe bakinsa sosai, ya yi magana da muryar kansa, yadda har masu kwashe kujeru suka ji.

"Yaya, zan sayo miki sabuwar buta, zan kuma nemo miki mai wanke-wanke da hannunsa ba ya ƙaiƙayi. Amma ni da wannan mun bar kanta. Daga yau nan ne wurin aikinmu."