Kejin Sanata

Kaneng ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a ɗakin ƙasa na gidan yayanta Raymond a garin Clinton na Amurka. Ranar da matar yayan nata, Constance, ta shigo da kwikwiyo a hammata, Kaneng ta san ba son kare ne ya jawo ba. Gidaje uku a layinsu suna da karnuka, shi ke nan dalilin. Aka sa masa suna Sanata.

Da aka zo sayen keji, sai Kaneng ta tarar da matar a durƙushe da tef, tana auna filin da ke tsakanin kujera da talabijin.

"Anti, ai karen za ki auna, ba bango ba. Dubi ƙafafunsa. Nan da wata biyar zai kai ɗan maraƙi."

"Kaneng, nan ba garinku Riyom ba ne," in ji Constance, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Dole kejin ya dace da labulena."

Kaneng ta taɓe baki. Ubanta maharbi ne, cikin karnuka shida ta tashi, amma yau wadda ba ta iya shafa kan kare sai da safar hannu ce za ta koya mata.

Aka kawo kejin: farin katako, da mariƙi ruwan gwal, da sunan Sanata a goshi. Aka yi masa hoto ta kowace kusurwa aka tura wa 'yan coci. Raymond ya ce ya yi kyau, kamar yadda yake cewa a kan komai.

Kafin damina ta Amurka ta wuce, Sanata ya cika kejin taf. In ya miƙe bayansa ya daki rufi, in zai juya sai ya naɗe kamar tabarma. Ya tauna takalmi, keji. Ya yi haushi, keji. Tun bakwai na safe ake kulle shi, sai in Kaneng ta dawo daga asibiti ta buɗe.

Wata Lahadi matan zumuntar coci suka zo cin abincin rana. An manta da Sanata a keji tun kafin a tafi coci. Ana tsakiyar zuba shinkafa ya kasa riƙewa, ya yi kashi a inda yake kwance. Wari ya cika falo, baƙi suka ajiye cokula.

"Wannan kare ba shi da tarbiyya!" Constance ta yi ihu. "Raymond, gobe ka mayar da shi!"

Kaneng ta dube ta sama da ƙasa. "Anti, ke a kulle ki awa bakwai mu ga taki tarbiyyar."

Ta ja karen zuwa bayan gida ta wanke shi. Washegari ta je garin Laurel ta sayo kejin waya, baƙi, mummuna, mai faɗin da zai tsaya ya juya ya miƙe ƙafa. Ta kafa shi a ɗakinta, ta shimfiɗa tsohon zani, ta bar ƙofar a buɗe. Kwana huɗu yana kewaye shi yana kallon kwanon abincin da ta sa a ciki. A na biyar ya shiga da kansa, ya yi barci har da minshari.

Gab da Kirsimeti Constance ta sauko cikin jan leshi, riƙe da wata 'yar jar hula da za ta sa wa karen.

"Ara mana Sanata minti goma, mai hoto ya iso."

"Ga shi nan, Anti. Kira shi."

"Sanata! Zo, ɗana!"

Karen ya buɗe ido ɗaya, ya juya mata baya a cikin kejinsa. Ta yi kira har sau biyar. Kaneng ta ci gaba da gugar rigar aikinta, har matar ta gaji ta haura da hularta a hannu.